Gilashi Mai Ƙyalli Da Zafin Rana: Abin Da Ya Kamata Mai Ba Da Kwangila Ya Sani

A ƙarshen watan Agusta da farkon Satumba na 2013 mutanen birnin Landan suka ga wani abin mamaki a titin Eastcheap. Wani dogon bene mai tsawon mita 160 da ake kan ginawa a lamba 20, titin Fenchurch, wanda aka lulluɓe da gilashi daga ƙasa har sama, ya shiga tattara hasken rana yana zuba shi wuri guda a kan titin, na wajen sa'a biyu a kowace rana. Wata mota ƙirar Jaguar da aka ajiye a wurin ta sami lahani, madubin gefenta da waɗansu sassan jikinta suka narke suka lanƙwashe, har masu ginin suka biya mai ita kusan fam 1,000 na gyara. Wani ɗan jarida ma ya zo da kasko ya soya ƙwai a wurin, jama'a na kallo.

Dalili kuwa shi ne bangon kudu na benen an yi shi ne da loɓawa kamar cikin faranti, saboda haka duk hasken da gilashin ya mayar sai ya haɗu a wuri ɗaya. Rafael Viñoly, wanda ya zayyana ginin, ya riga ya gamu da irin wannan matsala a otal ɗin Vdara na birnin Las Vegas a Amurka, inda a 2010 baƙi suka yi kukan ƙuna a bakin wurin ninkaya. A Landan dai ba a sami maganin dindindin ba sai a 2014, da aka jera wa bangon faifan ƙarfe masu yi masa inuwa.

Wannan labari ya fito da wata ƙa'ida wadda duk maganar gilashin gini ta rataya a kanta. Hasken rana idan ya faɗa kan gilashi, ɗayan uku ne: ko ya wuce ciki, ko ya koma waje, ko kuwa gilashin ya shanye shi ya yi zafi. Ba wani kaso da ke ɓacewa. Ganin yadda benaye masu fuskar gilashi suka yawaita a Abuja da Kaduna da Kano, ma'aikatu da bankuna da otal-otal, har da gidajen kwana, ya dace ma'aikacin da ke zaune a bayan irin wannan gilashi, da wanda zai sa hannu a takardar sayensa, su san yadda ake yin wannan rabo. Kuɗin wuta da na man janareta na shekaru masu yawa yana cikin amsar.

HASKEN DA IDO BA YA GANI

A shekarar 1800 masanin taurari William Herschel ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya fitar da launukan bakan gizo, sa'an nan ya riƙa aza ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya gusa da ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya tarar zafin bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Ta haka aka gane akwai wani haske ɓoyayye a gaban ja. A yau an san cewa wajen rabin ƙarfin rana da ke isowa ƙasa yana cikin wannan ɓoyayyen haske ne. Wanda ido ke gani bai cika rabi ba, ɗan ragowar kuwa shi ne mai kashe launin labule da darduma. Watau rabin abin da rana ke turowa ta taga zafi ne tsantsa, ba ya ƙara wa mai karatu ko mai rubutu komai.

Gilashi fari na yau da kullum ba ya bambanta wannan da wancan. Falle ɗaya yana barin fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙarfin rana ya shige. Hasken ya faɗa kan tebur da daɓe da bango, su yi zafi, su shiga fitar da huci. To, shi wannan huci na kayan ɗaki wani irin haske ne dabam, wanda gilashi ba ya bari ya ratsa shi. Ƙofar shiga a buɗe, ta fita a ƙuntace. Duk wanda ya taɓa buɗe motar da ta wuni a rana da tagogi a rufe ya san sakamakon.

Lulluɓe bene da gilashi bai yawaita ba sai da gilashin ya yi arha kuma ya yi sumul. A 1959 kamfanin Pilkington na garin St Helens a Ingila ya bayyana dabarar da injiniyansa Alastair Pilkington ya shafe shekaru yana gwadawa, watau zuba narkakken gilashi a kan narkakkiyar kuza, irin wadda aka daɗe ana haƙa a Jos, ya kwanta a kanta kamar mai a kan ruwa, ya fito shimfiɗaɗɗe ba tare da an goge shi ba. Kusan duk gilashin tagogi na duniya a yau da wannan hanya ake yin sa. Da gilashi ya wadata sai masu zayyana suka sake jiki, nan da nan kuwa mazauna sababbin benaye suka fara kukan zafi.

Maganin farko da aka kawo shi ne rina gilashin, a yi shi ruwan toka ko ruwan ƙasa ko kore. Rinannen gilashi shanye hasken yake yi, ya yi zafi da kansa, sa'an nan ya huro wani kaso cikin ɗaki. Ragin da yake yi bai taka kara ya karya ba, duhun ya fi ragin yawa. Daga bisani sai aka koma shafa wa gilashin ƙarfe siriri domin ya zama madubi ya mayar da hasken waje. A shekarun 1960 da 1970 wannan ya zama abin yayi a Amurka da Kanada. Ginin Royal Bank Plaza na birnin Toronto, wanda aka gina a shekarun 1970, an shafa wa tagoginsa kimanin 14,000 zinariya ta gaske, wadda jimlarta ta kai wajen kilo 70.

Yayin bai tafi lami lafiya ba. A birnin Boston, benen John Hancock mai hawa 60, wanda a yanzu ake kira 200 Clarendon, ya fara zubar da tagoginsa tun ana ginin. Bayan wata iska mai ƙarfi a watan Janairu na 1973 aka toshe gurabe masu yawa da katako, har mutanen gari suka riƙa yi wa benen ba'a. Ƙarshenta sai da aka sauya dukan tagogin, guda 10,344, kowace tana da nauyin fiye da kilo 200. Bincike ya nuna cewa dalmar da aka liƙe falle biyu na kowace taga da ita ta kama shafen madubin kam, ba ta ba shi damar motsi ba, alhali kuwa gilashi miƙewa yake yi da zafi ya tsuke da sanyi kullum. Ba a buɗe benen ba sai 1976.

Ko an kauce wa irin wannan haɗari, gilashin madubi yana da aibinsa na asali. Shi ma bai san bambanci tsakanin hasken gani da ɓoyayyen haske ba, duka yake korewa. Waɗansu irinsa ba sa barin fiye da kashi 10 ko 20 cikin 100 na hasken gani ya shiga, sai ka iske ofis da tsakar rana fitilu na ci, su kuma fitilun suna ƙara zafi suna cin wuta. Abin da ya kora kuma a kan maƙwabci yake sauka, ko a idon direba. Shi ya sa hukumar gine-gine ta Singafo ta hana sa gilashin da ke mayar da fiye da kashi 20 cikin 100 na hasken rana a fuskar gini. Akwai kuma wani abu da magidanta da yawa ba sa lura da shi sai an gama aiki: madubin yana fuskantar ɓangaren da ya fi haske ne. Da rana na waje ba ya ganin na ciki. Da dare, da zarar an kunna fitila, sai al'amarin ya juye, na ciki ya ga kansa a madubi, mai wucewa kuwa ya ga ɗakin sarai. Wanda ya saye shi domin sutura, labule bai faɗi a kansa ba.

DABARAR FULAS

Wanda ya taɓa leƙa cikin fulas ɗin shayi mai kwalba ya ga yana walƙiya kamar azurfa. Masanin kimiyya James Dewar ne ya ƙirƙiro wannan kwalba a 1892, kuma walƙiyar aiki take yi. Kowane abu mai ɗumi yana fitar da huci, kamar yadda bangon siminti ke hura wa mai wucewa zafi bayan magariba, amma abubuwa sun bambanta wajen yawan hucin. Masana sun sa ma'auni daga sifili zuwa 1. Gilashi tsura yana wajen 0.84, watau mai yawan huci ne. Gogaggiyar azurfa kuwa ba ta wuce 0.02 ko 0.03 ba, ga rowar fitar da huci, ga kuma mayar da hucin da ya zo mata daga wani wuri. Shi ya sa shayi ke kwana da zafinsa.

Abin da ya rage shi ne a sami azurfar da za ta yi wannan aiki ba tare da ta toshe gani ba. Rikicin man fetur na 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka tsuke wa Amurka da ƙawayenta mai, shi ya tilasta neman amsar. Gwamnatin Amurka ta zuba kuɗi a bincike ta hannun cibiyar Lawrence Berkeley da ke jihar Kalifoniya, tare da wani ƙaramin kamfani da daga baya ya zama Southwall Technologies, wanda a 1981 ya fito da wata leda mai shafe da ake sawa tsakanin falle biyu, da sunan Heat Mirror. Ba a daɗe ba manyan masana'antu suka koyi aza shafen a jikin gilashin kansa. Kaurin azurfar bai wuce kashi ɗaya cikin dubbai na kaurin silin gashi ba, an kuma rufe ta sama da ƙasa da waɗansu siraran shafe domin kada ta yi ƙyalli. Ido na ganin taga fara kawai. Wannan shi ne gilashi mai ƙarancin huci, wanda a takardun 'yan kasuwa ake rubutawa Low-E, kuma a yau mafi yawan tagogin da ake sa wa sababbin gidaje a Amurka da arewacin Turai irinsa ne.

A taga mai falle biyu da iska a tsakani, kusan kashi biyu cikin uku na zafin da ke tsallaka tsakanin, ta hanyar huci yake tsallakawa. Shafen ya datse wannan hanya. Ana auna wannan da lamba mai harafin U, wadda ke nuna yawan zafin da ke ratsa murabba'in mita ɗaya idan waje da ciki sun bambanta da digiri ɗaya. Falle ɗaya tsura yana da U wajen 5.8, falle biyu tsura wajen 2.8, falle biyu mai shafe, da iskar argon a tsakani, yana saukowa wajen 1.1. Ga mutumin Jamus da ke ƙona gas rabin shekara domin ɗumama gida, wannan babbar riba ce.

To, a nan ne mai saye a ƙasa mai zafi yake faɗawa rami. Gilashi mai ƙarancin huci na farko an yi shi ne domin ƙasashen sanyi, kuma da gangan aka tsara shi ya bar zafin rana ya shiga, sa'an nan ya hana shi fita. Irin wannan yana barin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na ƙarfin rana ya wuce. A sa shi a bangon yamma na ofis a Sakkwato ko Maiduguri, an sayi tarkon zafi ke nan da tsada. Wanda ya dace da ƙasa mai zafi wani iri ne da ya zo daga baya, mai azurfa hawa biyu ko uku, wanda ke tace hasken rana: ya bar na gani ya wuce, ya kori ɓoyayyen nan da Herschel ya gano. Mafi kyawunsu suna barin fiye da kashi 60 cikin 100 na hasken gani, amma ƙasa da kashi 30 na zafin. Duka biyun sunansu ɗaya a bakin ɗan kasuwa, kuma ido ba ya rarrabe su daga nesa.

Abin da ke rarrabe su shi ne lamba ta biyu, wadda Turawa ke rubutawa da ƙaramin harafin g, Amurkawa kuma SHGC. Ita ce ke faɗin kason ƙarfin rana da ke ƙarewa cikin ɗaki, a haɗa wanda ya wuce kai tsaye da wanda gilashin ya shanye ya huro. Ɗan lissafi zai nuna wadda ta fi nauyi a cikin lambobin biyu.

A ɗauki ofis a Kano mai taga ta murabba'in mita 10 tana kallon yamma, da la'asar a watan Afrilu. A ƙaddara waje digiri 40 ne, ciki an sanyaya zuwa 25, rana kuma tana zuba wat 600 a kan kowane murabba'in mita na tagar. Idan falle ɗaya ne fari mai g na 0.8, rana za ta shigo da wat 4,800, bambancin zafin waje da ciki kuma ya ƙara wat 870. Jimla wat 5,670. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya tana kwashe wajen wat 2,600, ke nan na'ura biyu ma ba su ishi tagar nan ita kaɗai ba, ba a zo kan mutane da fitilu da kwamfutoci ba. A sauya da gilashin ƙasashen sanyi mai U na 1.1 da g na 0.65: wat 870 ɗin nan ya sauko 165, abin a yaba, amma rana har yanzu tana shigo da 3,900. A sa mai tace haske, mai g na 0.27, sai rabon rana ya faɗo zuwa 1,620. Lambar U ta ceci wat ɗari bakwai, lambar g ta ceci fiye da dubu uku. Takardar kwangilar da ta ce kawai a sa gilashi mai kyau, ko gilashi mai ƙyalli, ko ma ta ambaci sunan nan na 'yan kasuwa ba tare da lambar g ba, ta bar wa ɗan kwangila zaɓin da ya fi kowane tsada a rayuwar ginin.

Ko an sayi wanda ya dace, sauran a sa shi daidai. Taga mai falle biyu fuska huɗu gare ta, ana ƙirgawa daga waje. Domin korar rana, shafen yana zama a fuska ta biyu, watau bayan fallen waje, ta yadda zai tare zafin tun bai tsallaka ba. A ƙasashen sanyi sau da yawa a fuska ta uku ake sa shi. Magini ya juya tagar baibai, aikinta ya ragu, kuma ba mai ganewa. Akwai gwaji mai sauƙi: a riƙe ashana ko tocila kusa da gilashin, za a ga hoton harshen wutar sau huɗu, wanda launinsa ya bambanta da sauran shi ke nuna fuskar da shafen yake.

Shafen ma iri biyu ne. Na azurfa, wanda ake fesawa a cikin ɗakin da aka zuƙe wa iska, shi ya fi aiki, amma ba ya jure iska da danshi da taɓi. Dole a rufe shi tsakanin falle biyu a masana'anta, ba a yanka shi a bakin titi. Idan liƙin gefen ya lalace, raɓa ta shiga, sai tagar ta yi hazo, ba gyara sai sauyi. Ɗaya irin kuwa ana gasa shi ne a jikin gilashin tun yana da zafi a kan layin ƙira. Hucinsa wajen 0.15 zuwa 0.2 ne, bai kai na azurfa ba, amma yana da ƙwari, ana iya sa shi falle ɗaya a firam ɗin alminiyam irin wanda aka saba. Wani abin da masu ofis kan tarar daga baya shi ne shafen ƙarfe yana raunana sabis ɗin wayar salula, har manyan benaye kan buƙaci na'urar ƙara ƙarfinsa a ciki.

Duk da haka, gilashi mafi tsada ma bai kai bango wajen tare rana ba, bai kuma kai inuwa ba. Kano tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, Abuja wajen 9, saboda haka rana a sama take bi. A Kano takan tsaya daidai tsakar ka sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta. Bangon arewa da na kudu ɗan baranda ya ishe su. Gabas da yamma su ne masu wuya, domin rana tana dukansu a kwance da hantsi da la'asar, kuma na yamma yana shan nasa a lokacin da iska ta fi zafi. Magina na gargajiya da suka yi katanga mai kauri da 'yar taga can sama sun san wannan, haka kuma Maxwell Fry da Jane Drew, waɗanda a shekarun 1950 suka kewaye ɗakin karatu da ɗakunan kwanan ɗalibai na Jami'ar Ibadan da ragar siminti mai barin iska ta shiga tana tare rana.

A 2017 Ma'aikatar Wutar Lantarki da Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ta wancan lokaci ta ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine, wadda aka shirya da taimakon hukumar raya ƙasashe ta Jamus. Daga cikin abin da ta tanada akwai cewa tagogi kada su wuce kashi 20 cikin 100 na faɗin bango, in kuwa sun wuce, to a yi musu inuwa. Harkar izinin gini a hannun jihohi take, saboda haka ƙa'idar ba ta hawa kan mai gini sai hukumar tsara birane ta jiharsa ta ɗauke ta ta sa cikin sharuɗɗan amincewa da zane.